Illa da tsohuwar ordinatar

Shekara goma sha bakwai ke nan da motar da Illa ke ciki ta taka nakiya tsakanin Agadas da Arlit, lokacin tawaye na biyu. Yana dawowa ne da wata ordinatar, abin da mutanen Kano ke kira kwamfuta, nannaɗe cikin bargo. Ita ta tsira. Shi bai tsira ba.

Ni ɗan rami ne, ban yi lakwal ba, wato boko. Illa abokina ne, magatakarda a biron wani ƙaramin kamfani da ke ɗaukar mu haƙar yuraniyom. Duk mai sauka rami yana maƙala ɗan baji a ƙirji, mai auna zafin dutse da jikinsa ya sha. Kowane wata Illa yakan shigar da awon kowa cikin wata tsohuwar ordinatar mai ƙugi kamar kamiyo, babbar motar kaya. Shekarun da muka yi a ƙarƙashin ƙasa suna cikinta, ba su ko'ina sai nan.

Da kasuwar yuraniyom ta tashi, sababbin shugabanni suka zo da sababbin injuna, duka a haɗe da waya, suna zuba takardunsu a rumbu guda da ake gani har Yamai. Tsohuwar ta kasa shiga. Illa ya sa mata waya, rumbun ya tambaye ta kalmar sirri da yaren da ba ta ji. Shef, shugaban biron, ya ce a jefa ta cikin tarkacen ƙarfe, a buɗe sabuwar rajista daga ranar. Wato ranar da tari ya kama mu, babu shaidar mun taɓa sauka.

Na ce wa Illa, "Malam, buga mana a takarda mana."

Ya ce, "Takarda a Arlit, Sahabi? Da ita mai tsire zai naɗe maka nama. Abin da ya shiga rumbu Yamai ta gani, shef ba ya iya cewa ya ɓata."

Ya ce sai an samo inji na tsakiya, mai jin maganar tsohuwar da ta sababbin, yadda Hausa ke shiga tsakanin mai Tamashek da mai Faransanci a kasuwa. Akwai irinsa a Agadas wurin wani abokinsa. Na ce ya jira motocin da soja ke rakawa. Ya ce shef kwana huɗu ya ba shi, su kuwa sai bayan mako.

Bayan jana'iza na karɓo bargon da injin a ciki wurin jandarma, na ɗora a baro, na tura har biro. Shef ya ce mene ne wannan. Na ce kayan Illa ne. Na zauna a bakin ƙofa, waɗanda suka tashi aikin safe suka zauna tare da ni. Hadiza, mai buga takardun biron, ta bi matakan haɗa injunan da Illa ya rubuta ya manna a bango, ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har la'asar. Sai ta leƙo ta ce, "Baba Sahabi, sunayenku sun haye rumbu." Muka tashi muka yi salla.

Da Illa zai leƙo yau, zai tarar an rufe ramukan da muka sani, samari sun tafi Tchibarakaten haƙar zinariya, ba baji, ba mai rubuta sunan kowa. Kowa da waya a aljihu wadda ta fi tsohuwar ordinatarsa ƙarfi. Na san abin da zai tambaya: wa ke riƙe da sunayensu?

Tarin ya zo, kamar yadda muka sani zai zo. Wani likita ya ce taba ce. Ban taɓa sa taba a bakina ba. Na ce a nemo sunana daga Yamai. Ya fito, shekara goma sha tara a rami, wata bayan wata. Bai warkar da ni ba, amma ba wanda ya sake yi mini zancen taba. Matan da mazansu suka riga ni tafiya ma da wannan rajistar suke tsayawa gaban kowa.

Abin da ya rage na Illa ke nan, kuma ba mai iya jefa shi cikin tarkace. Ni ina Arlit, bayan tasha, ina numfashi da rabin ƙirji. Ba inda za ni.