A Daina Shanya Laftof

Sanarwa daga ofishin Babban Injiniyan Kwamfutoci Masu Cin Rana, reshen Tiga: jama'a, don Allah a daina shanya laftof.

Kwananmu tara babu wuta. Laftof ɗin Yaya Sani ta mutu da aikin makarantarsa a ciki, Litinin kuma zai miƙa. Don tsokana na nuna wa Inna hoton wata mai sola a bayanta, wadda ko ƙera ta ba a yi ba, na ce ai duk haka suke.

Mun dawo daga gona, sai ga laftof ɗin Yaya a rana kan tabarma tsakanin tattasai da kuɓewa.

Yaya ya ce, "Inna, me ya kawo ta nan?"

Ta ce, "Caji take. Sau biyu ma na juya ta, kada gefe ɗaya ya ƙoshi."

Ko faɗa bai iya yi ba. Ya zauna yana yi mata fifita.

To, babu wani injiniya. Ni ne Habu, ƙanensa, iyakacina makarantar allo, kuma ni na jawo. Wa ke da janareta a kusa, mu ga ko za ta tashi?