Rakiya Mai Daddawa da Shari'ar Ɗorawa Uku

Idan ka shiga kasuwar Sheme ta layin masu kayan miya, kafin ka ga Rakiya za ka ji muryarta. Mace ce gajera, kakkaura, mai saurin magana da saurin dariya, shekarunta hamsin da ɗoriya. Daddawa take sayarwa, kuma tun tana budurwa ba ta san wata sana'a ba. A wani ƙauye kusa da Pauwa aka haife ta, a gidan Baba Gide, manomi Bamaguje wanda ya rasu a kan al'adar kakanninsa. 'Ya'yansa biyu kowa ya kama tasa hanyar: Rakiya ta musulunta lokacin aurenta, ƙanenta Daniel ya shiga coci. Wannan bai raba su ba. Da Salla a ci tuwo a gidanta, da Kirsimeti a ci shinkafa a gidansa.

Da tsufa ya kama Baba Gide, sai ya sayar da gonarsa ta bakin rafi ga maƙwabcinsa Malam Audi. A gaban mai unguwa aka yi cinikin, kuma a nan tsohon ya nuna itatuwan ɗorawa uku da ke tsakiyar gonar, ya ce, "Ƙasa na sai maka, ban da waɗanga. Na Rakiya ne." Malam Audi ya ce ya ji ya yarda. Ba a rubuta ba, don a wancan lokacin maganar dattawa ta isa.

Shekara ashirin da shida Rakiya tana cin amfanin itatuwan nan. Duk bazara ta ɗauki maƙata ta kaɗo ɗorawa, ta daka ta fitar da gari, ta wanke kalwa, ta dafa ta kwana a wuta, ta rufe ta har ta ruɓa daidai yadda ake so. Da su ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da su ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Sai shekarun tashin hankali suka zo, noman gonakin nesa ya yi wuya. Malam Audi ya tattara ya koma wurin ɗansa a Sabuwa, ya sayar da gonar ga wani dillalin hatsi na Ƙanƙara, Alhaji Mas'ud. Shi kuwa Alhaji da tarakta yake noma, kuma a ganinsa itace a tsakiyar gona ba komai ba ne sai cikas.

Wata safiya da ɗorawa ta nuna, Rakiya ta nufi gona da maƙatarta da buhuna biyu. Tun daga rafi ta ji kukan inji. Ta saki buhunan ta sheƙa da gudu, zani a hannu. Ta iske mutum biyu da injin yanka itace, sun riga sun kayar da babban reshe na ɗorawar gabas, suna shirin kama gindi. Ba ta tsaya sallama ba. Ta je ta zauna daram a gindin itacen, ta jingina bayanta.

"To bisimilla," ta ce. "Ku fara da ni."

Aka kashe inji, aka kira Alhaji a waya. Ya zo a fusace, ya ce gona tasa ce da duk abin da ke cikinta, ta tashi. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta tashi. Kafin azahar tana zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda, an ce ta shiga gonar mutum ba izini.

A duk rayuwarta ba ta taɓa taka wurin ba. Tana ta kallon ƙofar ɗakin da ake kulle mutane. Babban jami'in ya saurari Alhaji, ya saurare ta, ya ajiye biro ya ce, "Wannan rigimar mallaka ce. Ba mu ne masu cewa itace na wane ne ba. Ku je kotu. Amma duk wanda ya ɗaga hannu a kan wani, zai dawo nan ya same ni." Ya ce ta tafi gida.

Ta fito ba ta gane komai ba, sai ta ci karo da Blessing, 'yar ƙanenta Daniel, wadda labari ya kai wa. Blessing matar aure ce mai 'ya'ya biyu, shekara tara tana buga takardu a wani shago da ke kallon kotu a Ƙanƙara, duk wani mai rantsuwa ko mai ƙara ta gabanta yake bi. Ta ja Rakiya gindin darbejiya, ta ba ta ruwa.

"Gwaggo, zamna ki ji. Shari'a iri biyu ce. Akwai laifi: sata, duka, kisa, ƙone wa mutum rumbu. Wannan na hukuma ne, 'yan sanda ke kamawa su kai kotu, shi ake ɗauri a kai. Akwai kuma ta haƙƙi: iyakar gona, gado, haya, ciniki. Ita ba a kama kowa. Wanda yake ganin an taɓa mashi haƙƙi shi ke zuwa da ƙafarshi ya kai ƙara."

"To ni wace ce tawa?"

"Ta haƙƙi. Kuma ke za ki kai shi."

Rakiya ta ajiye kofin. "Ni? Ni Rakiya in kai Alhaji ƙara? Ana yi?"

"Kullum ana yi."

"Ba lauya?"

"In kin samu lauya ya fi, amma ba dole ba ne. Bakinki ya isa, in dai kina da shaidu."

Sai ga Rakiya ta miƙe tana tafa hannu. "Kai! Ashe ƙofar nan ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce! Ɗiyata, tashi mu tahi yanzu!" Da kyar Blessing ta lallashe ta cewa an tashi daga aiki, sai gobe.

Washegari Rakiya ce ta fara isa kotu, tun kafin mai shara. Magatakarda ya tambaye ta sunanta, da sunan wanda take ƙara, da abin da take nema. Ta fara daga auren uwarta. Ya dakatar da ita yana murmushi, ya ce abu uku yake so: mene ne nata, ta yaya ya zama nata, me aka yi masa. Ta ƙirga su a yatsu ta amsa tsaf. Blessing ta koya mata ta roƙi abu guda kafin komai, wato kotu ta hana a taɓa itatuwan har a gama shari'a, don in aka sare su, ko ta yi nasara kututture za ta tarar. Alƙali ya amince. Aka ba ma'aikacin kotu sammaci da takardar hani ya kai wa Alhaji. Rakiya ta roƙi a bari ta taɓa takardar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta sa Blessing ta nuna mata inda sunanta yake, ta daɗe tana kallonsa.

Saura shaidu. Mai unguwa yana nan da ransa, ya ce zai zo. Amma ginshiƙin maganar Malam Audi ne, shi kuwa yana Sabuwa, kuma ba wanda ke da lambarsa. Rakiya ta ƙulla daddawa curi ashirin a leda ta shiga mota. Ta sauka Funtuwa ta canja wata, tana ba duk wanda ya zauna kusa da ita labarin bambancin laifi da haƙƙi, har wani fasinja ya tambaye ta ko a kotu take aiki. A Sabuwa ta bi masallaci masallaci tana cigiyar tsoho mutumin Pauwa mai ɗingishi, har aka nuna mata wani zaure.

Ta iske Malam Audi yana gyaran igiya, idonsa ya yi rauni. Da muryarta ya gane ta.

"Rakiyar Gide? Lafiya?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labari ta faɗa masa. Tsohon ya yi salati. "Na faɗa ma dillalin da ya haɗa ni da Alhajin, wallahi na faɗa mashi ban da ɗorawa. Ashe bai isar ba. Yaushe ne zaman?"

"Laraba ta sama, Malam."

"Ko a kan jaki ne sai na zo."

Ranar Laraba kotu ta cika. Matan layin kayan miya sun rufe tirensu sun zo, Daniel ya zo da mutanen cocinsu, 'ya'yan Rakiya sun zo da goyo. Da aka kira sunanta ta amsa da ƙarfin da ya sa alƙali ɗaga kai. Ta tsaya ta faɗi abubuwanta uku ba ta kauce ba. Da ta ga harshenta zai zarce zuwa zagin masu inji, sai ta tuna gargaɗin Blessing cewa a kotu alƙali ake yi wa magana, ba abokin shari'a ba, ta haɗiye.

Alhaji Mas'ud ya miƙa takardar cinikinsa. Ya ce shi gona ya saya, ba a ce masa ban da komai ba, kuma kowa ya san wanda ya sayi ƙasa ya sayi abin da ke kanta. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce haka ne, asali itace yana bin ƙasa, sai fa in an cire shi tun wurin ciniki, kuma wanda ya ce an cire, shi zai kawo hujja. Sai aka shigo da Malam Audi, ɗansa na riƙe da hannunsa.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "ɗorawan nan ban taɓa mallakarsu ba ko na yini guda. Shekara ashirin da shida ina noma ƙarƙashinsu, ko kwason ɗorawa ɗaya ban tsinka ba sai ta ba ni. Yaya zan sai da abin da ba nawa ba?"

Mai unguwa ya tabbatar, har ya maimaita kalaman Baba Gide. Alƙali ya ce zai je ya gani da idonsa.

Ranar da motar kotu ta tsaya a bakin rafi, ƙauyen kaf ya fito. Rakiya ce a gaba, tana tafiya kamar mai raka ango, tana nuna wa alƙali kowane itace: wannan ta gabas ita ke fara nuna, wannan ta tsakiya kalwarta ta fi girma, waccan tsawa ta taɓa faɗa mata ta sake toho. Alƙali ya duba reshen da aka kayar, ya sa aka auna tazarar itatuwan, magatakarda yana rubutawa a kan gwiwarsa.

Bayan mako biyu aka yanke hukunci. Gona ta Alhaji Mas'ud ce, ba mai ja. Ɗorawa uku na Rakiya ne, ba a sare su, ba a sassake su. Tana da hanyar shiga lokacin kaɗa, amma ta sanar da mai gona kuma kada ta taka shuka. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwanakin da doka ta ba shi. Alƙali ya tambaye ta ko tana neman diyyar reshen da aka yanke.

"Na yafe, ranka ya daɗe. Bai sani ba ne."

Guɗar da ta tashi a waje sai da ɗan sandan kotu ya fito ya tsawatar. Alhaji bai ɗaukaka ƙara ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mata, "Hajiya, da an faɗa mani tun farko da ba mu zo nan ba." Ta ce ai zuwan ya yi rana. Ba ta bar harabar ba sai da ta karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, kamar yadda Blessing ta nace, ta sa aka lulluɓe shi da roba, ta adana a ƙasan akwati.

Tun daga nan tiren daddawarta ya zama wurin tambaya. Mai rigimar iyaka ya zo, wadda aka hana gado ta zo, wanda shanu suka yi wa ɓarna ya zo. Ba ta yanke wa kowa hukunci. Takan fara da, "Tsaya tukuna, an taɓa jikinka ko an taɓa haƙƙinka?" In duka ne ko sata, ta ce maza asibiti da wurin 'yan sanda, kada a tsaya sulhun zaure a kan jini. In haƙƙi ne, ta ce a fara gwada dattawa, in ya ƙi a nemi shaidu tun suna da rai. Duk wanda zai yi cinikin gona kuwa, sai ta sa shi ya yi alkawarin za a rubuta, a lissafa har itatuwa da rijiya. Abin da ba ta sani ba takan ce ba ta sani ba, a je a tambayi lauya.

Kasuwar da ta wuce wata matashiya mai suna Hamida ta zo ta tsuguna gabanta. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun kulle ɗaki da keken ɗinkinta a ciki, sun ce kayan gado ne.

"Wa ya sayi keken?"

"Ni, Inna. Da hannuna."

"Wa ya gani?"

"Mai shagon yana nan Faskari. Har rasit ya ba ni."

Idon Rakiya ya yi haske. Ta jawo faifai ta rufe daddawa, ta ce wa maƙwabciyarta mai kuka da kuɓewa ta duba mata. Ta gyara ɗaurin kallabi ta kama hannun Hamida.

"Rasit gare ki kike kuka? Tashi! Mu fara da mai unguwarku, in sun ƙi ji mu wuce gaba. Kai mai mashin, tsaya, mu biyu ne!"