Giya-Biyu da Manyan Wili

A tashar da ke bakin kasuwa ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Giya-Biyu ake ce masa, wai tunda ya fara tuƙi ba a taɓa ganin ya saka giya ta uku ba. Sharri ne kawai na abokai, amma bai taɓa tsayawa yin musu ba. Mutumin da ke dakon ƙwai, ina shi ina gudu?

Shekararsa ashirin da shida a wannan aiki. Da farko motar wani mai gonar kaji yake ja. Da mai gonar ya tsufa, 'ya'yansa suka kawo sabuwar mota, sai ya bar wa direbansa tsohuwar akori-kurar. Kullum da sassafe Giya-Biyu yakan zagaya gonaki uku a bayan gari, ya shimfiɗa tsohuwar katifa a bayan mota, a jera masa kiret-kiret na ƙwai, ya ɗaure su da igiyar roba, ya shigo gari ya raba wa masu shaguna da gidan burodi. Hanyar gonakin ta ƙasa ce, ramuka da tsakuwa, da wani gangare da ruwa ya zaizaye. Ya san ramukan nan kamar yadda ya san haƙoransa, har da wanda ke yi masa ciwo.

Abu ɗaya ne ke ɗauke masa hankali a titi, wato manyan wili masu ƙyalli. Lokacin da babbar 'yarsa take firamare, shi ke kai ta makaranta, tana zaune a gefensa da jakarta a cinya. In suka tsaya a danja wata mota ta tsaya kusa da su, sai ya leƙa ta taga ya ce, “Kai, dubi ƙafafu!” Shi dai faɗa kawai yake yi, danja ta ba da hannu ya manta.

Yarinyar ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Likita yake kiranta, ita kuma ta gaji da gyara masa. Wata Asabar yana wanke mota a ƙofar gida sai ga ta a tasi, direban yana sauke wasu abubuwa huɗu nannaɗe da leda.

“Baba, buɗe ka gani,” ta ce, tana murmushi har kunne.

Ya yage ledar. Wili ne sababbi ful, masu lamba goma sha takwas, suna ɗaukar ido, an riga an ɗaura musu siraran tayoyi.

“Ga ƙafafun nan da kake ta kallo,” in ji ta. “Yau na kawo maka naka.”

Kafin ta rufe baki ya gane matsalar. Wilinsa na da masu lamba goma sha biyar ne, ƙarfe kaɗan, taya mai ƙaton ciki cike da iska, in ta faɗa rami sai ta lotsa ta shanye dukan. Waɗannan kuwa ƙarfe ya cinye wurin iskar, robar da ta rage ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba. Ya ɗaga kai zai yi magana, ya ga fuskarta, sai ya ce, “Allah ya yi miki albarka, Likita.”

Da yamma ya kai motar wurin mai faci, tsohon abokinsa da ke ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin titi. Mai faci ya zagaya wilin, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sifana, ya dube shi.

“Giya-Biyu, ofis ka samu ne ba mu da labari?”

“Ɗaura mini kawai.”

“Waɗannan fa na masu bin kwalta ne. Hanyar gonar nan taka, da ƙwai a baya?”

“Yarinya ce ta kawo.”

Mai faci ya jawo kayan aikinsa. Ya sa jak, ya kwance tsofaffin, ya jingine su a bayan injin iska. “Ina ajiye maka su,” ya ce. “Ba sa cin abinci.”

Gaskiyar magana, washegari a kan kwalta Giya-Biyu ya ji daɗin da bai zata ba. Sitiyari ya yi ladabi, da ya taɓa shi motar ta amsa. A kwana ba ta langaɓewa kamar da. Da ya shiga tasha direbobi suka taso da tafi, wani ya ce tsohuwa ta samu takalmin amarya. Ya yi dariya har da ƙwalla, kuma a ransa ya ji wani abu kamar na ɗan shekara ashirin.

Da ya sauka daga kwalta ne labari ya canza. Kowane rami sai ya biyo ta kujera ya dake shi a ƙugu. Tsakuwar da a da ba ya ko jin ta, yanzu har a haƙoransa. A gidan burodi aka buɗe kaya aka tarar wajen rabin kiret ya tsage. Mai burodi ya dube shi da mamaki, don bai saba ganin haka daga hannunsa ba. Giya-Biyu ya ba da haƙuri, ya musanya masa, ya kwashe tsagaggun ya kai gida.

Ya gwada dabaru. Ya ƙara katifa ta biyu. Ya rage wa tayoyin iska kamar yadda yake yi wa na da in hanya ta yi muni, sai dutse ya samu bakin wili ɗaya ya lotsa shi. Ya koma fita tun kafin gari ya gama wayewa don ya rarrafa a hankali, har 'yan tasha suka rage masa muƙami suka koma kiransa Giya-Ɗaya.

A kwana na biyar matarsa ta karɓi ledar ƙwai, ta ɗaga ɗaya ta duba a haske.

“Malam, kajin ne suka fara yin ƙwai da tsaga, ko kuwa?”

Ya zauna a kan tabarma a hankali, hannu a ƙugu. Ta ga yadda ya zauna ɗin.

“Ka gaya mata mana,” ta ce. “Ba yarinya ba ce. A asibiti kullum ita ke gaya wa mutane abin da ba sa son ji.”

Abin da ya ɗaure masa baki shi ne, maganar da shi ya yi ta a bakin danja ya watsar, ita ta riƙe ta shekara ashirin. Yana ganin in ya ce wilin ba su yi ba, kamar ya ce mata riƙon da ta yi ne bai yi ba.

A mako na biyu ta samu hutu, ta ce za ta bi shi gona ta ga kyautarta tana aiki. Ba yadda zai hana. A kan kwalta hira suke ta yi. Da suka hau hanyar ƙasa sai hirar ta fara yankewa, ta kama maƙalin da ke saman ƙofa da hannu biyu. A gangaren nan kanta ya bugi rufin mota. Da suka isa gona ta riga shi fita, ta tsaya tana kallon yadda yake saukowa, ƙafa ɗaya tukuna, ya dafa ƙofa, sannan ya miƙe da ƙyar.

“Baba, tun yaushe bayanka ke ciwo?”

“A'a, tsufa ne kawai.”

“Ni za ka gaya wa tsufa? Wancan watan ba haka kake sauka ba.”

Ya ga ba mafita. Ya kira ta gefen mota, ya dafa robar da yatsunsa ya nuna mata ƙanƙantarta, ya nuna mata inda dutse ya lotsa. Ya yi mata bayani kamar yadda ita take yi wa marasa lafiya: babban wili na titi mai santsi ne da mota marar kaya, ƙaramin wili da taya mai kauri shi ne na rami da kayan da ba sa son girgiza.

Idonta ya kawo ruwa. “Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?”

“Na ga yadda kike murna.”

“To da ka kwanta fa, wace murna zan yi?” Ta share ido da bakin mayafinta. “Ni ma da laifina. Mai shagon ya tambaye ni aikin da motar ke yi, na ce masa ya ba ni waɗanda suka fi kyau kawai.”

Bayan sun raba ƙwan suka wuce rumfar mai faci. Yana hango su ya miƙe ya shiga bayan injin iska ya gangaro da tsofaffin wilin, ba tare da an ce masa komai ba. Ta zauna a benci tana kallon aikin, tana tambayarsa ma'anar lambobin da ke jikin taya, shi kuma yana amsawa da jin kai kamar malamin aji. Manyan wilin daga baya wani malamin makaranta mai irin motar ya saye su, mutumin da bai taɓa sauka daga kwalta ba, da kuɗin aka sa wa tsofaffin wilin Giya-Biyu sababbin tayoyi masu kauri.

Bayansa ya ɗauki kusan mako uku kafin ya saki, da taimakon wani motsa jiki da ta koya masa, wanda yake yi a ɗaki bayan ya tura ƙofa don kada matarsa ta yi masa dariya. Har yau yana kan hanyar gonakin. Tun daga lokacin, in 'yar za ta saya masa wani abu, ko da takalmi ne, sai ta zo ta ɗauke shi su je shagon tare. Yakan yi ta mita wai ana ɓata masa lokaci, amma kullum kafin ta iso ya riga ya shirya yana jira a ƙofar gida.