Hankicin Shekari da Babur Mai Ƙafa Uku

Shekari ba ya kwance inji sai ya shimfiɗa farin hankici a kan benci. Duk abin da ya ciro nan yake ajiye shi, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, in ya tashi mayarwa sai ya faro daga dama. Ba ya rufe gareji da sauran ƙarfe a kan hankicin nan. Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana jikin garejinsa a unguwar Television, bango ɗaya ya raba mu, shi ma na kwano ne mai huji, shi ya sa na sani.

Mutum ne dogo, ba ya son yawan magana. Shi da abokinsa Ernest tare suka koyi gyaran babur wurin oga ɗaya a Makera, kuma kowa ya san wanda ya fi hannu a cikinsu. Amma da matatar mai ta fara ɗaukar ma'aikata, Ernest aka ɗauka, don yana da takardar sakandare. Ya fara zuwa mana da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki. Bayan shekara guda ya auri Naomi. Ita Naomi, a da, ita ke kawo kunu gareji kullum da hantsi. Ba ni take kawo wa ba, maƙwabcina take kawo wa.

A daminar 1985 Ernest ya zo da wani abu a bayan a-kori-kura. Babur ne ja, mai ƙafa uku, tayoyinsa ɓul-ɓul kamar tulu. Wasu Turawa da suka yi aiki a wajen Rido ne suka tafi suka bar shi, ya shekara uku a rana, Ernest ya saya a gwanjo.

"Oga makaniki, ga aiki na kawo maka."

"Injiniya guda, da kanka? Sifana ta ƙare muku a can?"

"Bar tsiya, mutumina. So nake ya tashi kafin Kirsimeti. Da shi zan shiga ƙauye, Naomi a baya, har ƙofar gidan babanta."

Shekari ya zagaya babur ɗin sau biyu. "Har ƙofar gida," ya ce. Sannan ya ɗauko hankici.

Ciwo biyu ne a jikin babur ɗin. Na farko kuloci. Makanikan layinmu sun taru suna lalube, ba su ga hannun kuloci ba, suka ce Turawa sun cire sun tafi da shi. Shekari ya ɗauko sifana. Da ya buɗe gefen inji ya gane cewa wannan da kansa yake kamawa, in inji ya ɗau wuta. Tsohon mai ne ya daskare ya manne faifan da juna. Ya jiƙa su a kananzir kwana biyu, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar.

Na biyu kafireto. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da huji kamar na allura, ta nan fetur ke bi. Jet suke ce masa. Ogansu na Makera ya koya musu cewa da baki ake hura shi, ba a zura masa waya. Ernest ya manta, ko kuwa gaggawa ta ci shi. Kafin ya kawo babur ɗin ya tsinko silin wayar birki ya yi ta sakace hujin har ya buɗe. Fetur ya riƙa kwarara, fulogi yana jiƙewa, a ja igiyar tayar da inji sau ashirin inji ya yi tari ya mutu.

Shekari ya je kasuwar Panteka sau uku, bai sami irinsa ba. Wata safiya ya leƙo shagona.

"Baba, ara mini allurarka wadda ta fi kowace siranta."

"Ɗinki ka koma?"

"Kusan haka."

Dalma ya narka ya toshe hujin, ya sake huda shi da allurar, a hankali, kusan yini guda.

Ranar wata Juma'a da azahar, layi ya yi tsit, rabin mutane sun tafi masallaci, saura sun tafi cin abinci, na ji an ja igiya sau ɗaya. Inji ya kama. Babu tari, babu hayaƙi. Na ji ya zagaya bayan gareji ya dawo, aka kashe. Na sa ido a hujin bango. Shekari na zaune a kai, ya juya yana kallon wurin zaman baya, ya daɗe haka. Daga nan ya sauka, ya kwance kafireto, ya ciro ɗan ƙarfen ya ajiye a gefen dama na hankici. Da yamma ya rufe gareji ya tafi.

Kowace Asabar Ernest na zuwa.

"Yaya mara lafiyarmu?"

"Jet ne. Babu irinsa a garin nan. Wa ya ce ka sa masa waya?"

Ernest sai ya dafe kai yana dariya. "Da oga na da rai da na sha mari."

Babu ƙarya a abin da Shekari ya faɗa, na auna maganar sau da yawa.

Sau ɗaya Naomi ta biyo mijinta. Ba ta kalli babur ba, benci ta kalla.

"Shekari, yaushe ƙarfe ya fara kwana a kan hankicinka?"

"Wannan na Turawa ne. Halinsa daban."

Ta ce, "To," ta gyara ɗankwali.

Kirsimeti ta zo, suka tafi ƙauye a motar haya kamar kowa. Da sabuwar shekara aka yi wa Ernest canjin aiki zuwa matatar Warri. Ya zo sallama, makanikai sun taru, ya dafa kafaɗar Shekari.

"Na bar maka shi, ɗan'uwa. Abin da bai tashi a hannunka ba, babu mai tashinsa. Ka ci ƙarfen."

Shekari ya yi godiya, idonsa a ƙasa.

Babur ya zama nasa. Yana da gona a bayan Unguwar Boro, hanyar duk taɓo ce da damina, irin hanyar da aka yi babur ɗin dominta. A ka yake fito da masara zuwa bakin titi. Aikin da ya rage bai fi na shan kofin kunu ba. Sai dai injin nan yana da murya, layi duka zai ji, kuma ma'aikatan matata suna zuwa Warri suna dawowa, labari zai kai kunnen Ernest.

Na taɓa ce masa, "Allurar tana nan, in kana bukata."

"Ta gama nata, Baba," ya ce.

Sai ya sayi wani hankici don sauran aiki, ya bar wancan inda yake.

A 1989 ciwon ƙirji ya kama shi, aka kai shi garinsu, bai dawo ba. Ƙanensa Alexander ya zo kwashe kaya, ya kira ni in tsaya. Tayoyin uku duk sun kwanta. Kafireto na buɗe, an rufa masa gwangwani don ƙura. Hankicin ya koma ruwan ƙasa, ɗan ƙarfen na gefen dama.

"Baba, wannan na mene ne?"

Na ce masa ni tela ne.