Takardar Kiran da Na Riƙe a Aljihu

A shekarun da nake ba ku labari, ni mahauci ne a kasuwar Garwa, mai teburi ɗaya da wuƙa biyu, kuma ina cikin dattawan da lawanin unguwarmu ke kira idan rigima ta tashi. Ina da aboki wanda muka fara wankin kayan ciki tare a mayanka tun muna samari. Allah ya buɗa masa, ya ajiye wuƙa ya koma fataucin shanu, ya je Makka ya dawo ana ce masa Alhaji. Ni ma ina faɗa, amma kalmar sai ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Ban taɓa kama shi da laifi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Idan ya bar mini sa a yadda ya sayo, in yi godiya a baki, in koma gida ina cewa arziki yake nuna mini. Hassada ce tsagwaronta, sai yanzu nake iya kiran sunanta.

Yana da fili kusa da kogin Binuwai inda yake tsare shanunsa, gadon mahaifinsa ne, babu takarda sai shaidar tsofaffi. Wani attajiri ya fito ya ce nasa ne, ya nemi a kafa masa duwatsun iyaka. Aka sa ranar da wani jami'i zai zo filin ya ji ta bakin kowa. Lawani ya miƙo mini takardar kiran abokina, ya ce tunda ƙofofinmu na kallon juna in kai masa. Da na ji ranar, sai na gane ta faɗo daidai lokacin da yake tafiya garin Gidar sayen shanu. Na cusa takardar a aljihu. Kwana uku muna sallah kafaɗa da kafaɗa tana jikina, ban miƙa masa ba. Kada ku ɗauka saye ni aka yi, ko sisi ba a ba ni ba. So nake kawai in ga ranar da shi ma zai rasa wani abu.

Ranar zaman, jami'in ya iso a motar attajirin suna ta raha, kowa ya san inda aka dosa. Ya tambaya ko an kai takarda, na ce an kai. Wani tsohon makiyayi ya fara bayani da Fillanci, aka katse shi aka ce ba shi aka kira ba. Jami'in ya ce wanda aka kira ya ƙi zuwa ya san ba shi da gaskiya. Kafin azahar an kafa duwatsu, ni ma na dangwala yatsa a takardar shaida.

Abokina ya dawo ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Ko'ina sai a nuna masa inda aka rubuta an kira shi bai zo ba, ba wanda ya bari ya kai ƙarshen magana. Ya kwashe shanunsa zuwa wajen garin Rai Buba, daga baya iyalinsa suka bi. Na yi ta jiran daɗin da na sa rai, bai zo ba.

Bayan shekaru na ji ba shi da lafiya, na je na same shi na faɗa masa gaskiya. Ya ce tun a makon da ya dawo lawani ya gaya masa ni aka ba takardar. Sannan ya ce, “Wataƙila ko na zo su ba shi filin, ɗan'uwa. Amma da na faɗi nawa. Har yau maganar tana bakina.” Na ce ya faɗa mini. Ya fara tun daga tsamiyar da mahaifinsa ya shuka a kan iyaka, bai tsaya ba sai da aka kira la'asar.

Abin da na koya shi ne, alƙali mai son kai ba ya cin zali shi kaɗai, sai ya sami irina da zai gyaɗa masa kai. Duk wanda aka zaunar kan maganar ƙasa, ya tabbata ɗaya ɓangaren ya ji kira kuma an ji bakinsa. Idan ka san zuciyarka na ƙuna da mutum, ka ce a aiki wani. Abokina ya rasu a daminar da ta biyo baya, ni kaɗai na taɓa sauraron ƙararsa, ni kuwa ba ni da ikon mayar masa da ko taku ɗaya.