Hotuna Goma Sha Biyu na Tsaga Ɗaya

Da an sallame asuba Siddiƙu yake saɓa jakarsa ya nufi gonakin rani, domin iskar Rima ba ta ɗaga wa kowa ƙafa in hantsi ya yi. Shekara tara ya yi yana tada ɗan jirginsa na ɗaukar hoto tsakanin Goronyo da Wurno, amma har gobe "mai wasan jirgi" ake ce masa. Wasa fa!

A ranin da magudanar ruwa ta tsage, shinkafar ƙauyen Kwargaba ta fara ƙonewa. Manoma suka kai hoton tsagar zuwa ofishin hukuma, aka ce musu ai siminti ko'ina siminti ne. Suka kai na gonakin, aka ce ina tsagar? Matsalar ita ce, in kyamara ta kama na kusa tar, na nesa sai ya yi dishi-dishi.

Siddiƙu ya tsayar da jirgin dab da tsagar, ya yi ta ɗaukar wuri ɗaya sau goma sha biyu, kowane karo yana tura saitin gaba kaɗan, daga bakin simintin har tsamiyar da kowa ya sani a ƙarshen gonakin. A kwamfuta zai tsinci inda ya fito fes a kowanne, ya haɗe su hoto guda. Sharaɗin kawai, kada komai ya motsa.

Sai Alhaji Abdulƙadir, shugaban manoman, ya ce dole ya fito a ciki. Siddiƙu ya roƙe shi ya tsaya cik. Alhaji ya gyara hula, ya nuna tsagar, ya ɗaga wa wani mai babur hannu. Da aka haɗa, ga Alhaji da hannu huɗu.

"Mi kam mai da ni haka, Siddiƙu?"

"Baba Alhaji, ni na samu biyun da kaz zo da su. Sauran kai kaƙ ƙaro."

Kafin a sake, iska ta taso, batir ya mutu. Safiya uku ya yi yana dawowa, ransa a ɓace, ganye na ƙara ja. A ta huɗu ya sa Alhaji riƙon jaka a bayansa, ya ɗauki hoton ba kowa a ciki.

Wannan hoton ba a iya musa shi ba. Aka gyara magudanar, rabin shinkafar ta tsira. Da aka kafa hoton a rumfar ƙungiyar manoma, me jama'a suka ce? "Kai, jirgin ga ya iya hoto."

Jirgi? Kai ne, Siddiƙu. Kai ne ka tsuguna cikin laka kana danne numfashi. Yanzu da idonka ya raunana ka ajiye aikin, ba wanda ya taka ya ce sannu.

Mun gode, Siddiƙu, Allah ya saka da alheri. Matasa, ku je ku koya tun yana ganin allon kwamfuta. Ku kuma manya, in mai aiki ya ce ku tsaya, don Allah ku tsaya.