Tuwon Inna Ya Raba Gardamar Daɓe

Ina shiga gida jiya sai wani ƙauri ya tarbe ni, kamar ana ƙona roba.

Kwanakin nan jayayya muke da mai ɗakina, Rabi, kan daɓen katako da za mu shimfiɗa a ɗakin zama, a gidanmu na Magariya da muke gyarawa. Samfuri uku na ɗauko daga Kano. Ni na kafe a kan mai duhu mai ƙyalli, ita kuwa sai mai ruwan ƙasa, wai ba ya nuna sawun yara.

To, Inna, mahaifiyata, ta zo mana daga Yekuwa, ga shi ruwan sama ya jiƙa icce kaf.

Na leƙa madafa, sai ga mai duhuna a ƙarƙashin tukunyar tuwo, rabinsa ya zama gawayi.

"Inna! Daɓen ɗaki ne fa kika hura!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ke daɓe da icce, in ba mai son kiwon gara ba? Kuma an cuce ka, ɗan nan, hayaƙinsa ya fi wutarsa."

"Wa ya ba ki?"

"Rabi, Allah ya yi mata albarka. Biyu ta miƙo min, ta ce na ukun ba zai kama ba."

Na waiga. Rabi tana ta tankaɗe, kai a sunkuye, mai ruwan ƙasa yana jingine a gefenta, ko ƙwarzane babu.

Tuwon dai na ci, har da ƙari. Jama'a, wa zan kai wa ƙara, tunda alƙalin ma ya riga ya sa mata albarka?